Dahuwar Tururi a Sharaɗa

Cuuu. Haka ƙullu yake yi idan ya faɗa cikin mai. Ƙarar ta tsallako katanga daga gidan maƙwabta a safiyar nan, ta same mu a ɗakin Inna, ni ina durƙushe da kwanon kunu a hannu, ita tana kwance ta juya wa ƙofa baya. Na ɗauka barci take yi, sai na ji ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Man nan bai yi zafi ba. Ƙosan nan zai sha mai ya yi nauyi."

Kusan shekara ashirin Inna tana tuyar ƙosai a tsakar gidanmu da ke Ɗorayi, har ciwon shawara ya kwantar da ita a farkon daminar nan. Idanunta suka koma ruwan ɗorawa, tafin hannunta ma haka. Likita a asibitin cikin gari ya ce wa Baba babu maganin da ya wuce hutu da abinci, amma kada a kusance ta da mai, ko yaji, ko nama mai kitse. Ga shi kuwa Inna ta yi imani cewa abincin da ba maiƙo dusa ce. Ta daure da kunu da koko da farar shinkafa har mako biyu, daga nan ta rufe baki. Da an kawo kwano kusa da ita sai zuciyarta ta tashi. A wannan safiya kwananta uku ke nan ba abin da ya shiga cikinta sai ruwan sukari.

"Inna, ku daure ko cokali biyu ne."

"Ke 'yar boko, ɗauke min abin nan. In taimakona kike so ki yi, leƙa ki ce wa matar can ta ƙara itace."

Ni ce 'yar fari, don haka Inna ba ta kiran sunana. 'Yar boko nake tun ranar da aka kai ni kwalejin horon malamai ta mata. Na dawo dogon hutu na tarar an tura ƙannena Panshekara wurin kakarmu don gidan ya yi shiru, jinya ta faɗo a hannuna. Shekarata goma sha takwas, na fi sanin sunayen kogunan duniya fiye da yadda na san awon gishiri. Da yamma na zo wanke mata hannu, zoben azurfar da tun tasowata nake gani maƙale a yatsanta ya zame da kansa, ya faɗa cikin kwanon ruwa. A lokacin ne na fara jin tsoro na gaske.

Baba yana aiki a wata masaƙa a Sharaɗa. Shi ne mai kula da tukunyar tururi, wadda ma'aikata suke kira boila: wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe da ake hura wa wuta da baƙin mai, tururinta ya bi bututu ya zaga ɗakunan rini da na busar da yadi. Mutum ne marar yawan magana, kuma ban taɓa ganin ya riƙe ludayi a gida ba. Shi ya sa na yi mamaki da ya dawo bayan la'asar, ya jingine kekensa, ya zauna a kan turmi kusa da murhu ya fara yi min maganar girki.

Ya ce a masaƙa ba a kunna wuta in ba ta boila ba, ko ashana ba a shiga da ita, saboda auduga. Amma ciki bai san doka ba. A bayan ɗakin boila akwai wani siririn bututu da ake rage tururi da shi, kuma tun kafin zuwan Baba wani mai dabara ya tsoma bakin bututun a cikin rabin duro na ruwa mai tsabta. Da an murɗa famfo sai ruwa ya hau tafasa. Kowa ya kawo abinsa a rufaffen kwano ya jera a ciki da safe, da rana ya zo ya ɗauka. Ba suya, ba gashi, dahuwa kawai.

"Akwai Balarabe Kwara a wurinmu, akwai Ba'indiye, akwai ɗan Sin, ga mutanen Filato," in ji Baba. "Duk a duron nan suke ci, kuma ban ga wanda ya faɗi ba. Na fara tambayarsu abin da suke ba marar lafiya a garuruwansu."

Daga cikin ɗaki muryar Inna ta fito, siririya amma da kaifinta. "Malam, wato ka je ka tallata ni a kamfani ke nan?"

"Ban ce ke ba ce. Na ce wata mai taurin kai."

"Ai ka faɗi sunana."

Na Kwara muka fara, shi ne mai kula da sito. A dafa dankalin Turawa da ɓawonsa, a ɓare shi da zafi, a farfasa da bayan cokali, a sa gishiri, a matsa lemon tsami, a daka tafarnuwa ƙwaya ɗaya da ganyen na'ana'a a zuba. Baba ya ce a ƙasarsu suna kwarara masa man zaitun, kuma sai da Kwaran ya dafa ƙirji kafin ya iya cewa a bar man. Na yi shi da kyau, ƙamshin na'ana'a ya cika min hannu. Inna ta taɓa shi da harshe ta ture. "Wannan ai tsayawa aka yi a tsakiyar girki."

Sai na Ba'indiye, mai haɗa rini. Shi har da kayan haɗi ya aiko a ƙunshin takarda: wani wake nasu ƙanana masu faɗi kamar maɓallin rigar jariri, da garin kurkur. A haɗa da shinkafa a dafa har su narke su zama abu ɗaya. Da na buɗe kwanon a gabanta, Inna ta dube shi, ta dube ni.

"Idona rawaya, hannuna rawaya, yanzu kuma abincina rawaya? So kuke in ɓace a cikin kwanon?"

Duk da haka ta yi cokali uku, don ta ga Baba tsaye a bakin ƙofa. Kafin in kai kwanon waje ta dawo da su.

Na ɗan Sin ne na uku. Shi ne babban injiniya, shugaban duk masu gyaran inji a masaƙar. Baba ya kawo saƙonsa kamar mai karanta takardar aiki.

"Shinkafa gwangwani ɗaya, ruwa gwangwani goma. Daga jiniyar ƙarfe tara zuwa ta sha biyu. Allura kuma kada ta wuce bakwai."

"Wace allura, Baba?"

Ya shafa gemu. Allurar agogon da ke nuna ƙarfin tururi yake nufi. Shekarunsa goma sha biyar yana auna zafi da ita, ya manta murhunmu duwatsu uku ne. Ni kuma ban yarda da ruwa goma ba. Tun ina ƙarama Inna ta koya min cewa shinkafar da ta caɓe abin kunya ce ga 'ya mace, ba kuma zan kai mata abin kunya tana kwance ba. Na zuba ruwa uku, na ƙara rabi don kada in saɓa wa Baba gaba ɗaya. Abin da ya fito bai zama shinkafa ba, bai kai tuwo ba. Inna ko kallonsa ba ta yi ba. Baba ya ɗebi kaɗan a kwano ya tafi da shi aiki.

Washegari ya dawo yana danne dariya. "Injiniya ya soka cokali a ciki, cokalin ya tsaya ƙyam. Ya ce wannan siminti ne. Ya ce a kawo masa mai girkin."

Haka na shiga masaƙa a karo na farko. Na bar maƙwabciyarmu da Inna, na bi motar haya zuwa bakin titin masana'antu, na ƙarasa da ƙafa. An yi ruwa da asuba. Kwatocin gefen hanya suna gudu da ruwan rini, wannan shuɗi, wancan ja, inda suka haɗu sai su zama wani launin da ba shi da suna. Maigadi ya riga ya san da zuwana. Na bi ta gefen ɗakin saƙa, inda ƙarar injuna take girgiza ƙasa har cikin haƙora, samari suna fitowa da auduga a gashinsu kamar sun yi furfura a dare ɗaya. Can baya, kusa da katanga, na hango Baba cikin shuɗin kayan aiki, wani mutum dabam da wanda na sani: yana murɗa wannan, yana sauraren wancan, ƙaton ƙarfe yana numfashi a ƙarƙashin hannunsa.

Duron yana nan bakin ƙofa, ƙarƙashin rumfar kwano, yana ɓararraka a hankali. Na leƙa. Ga rogo a ƙaramin buhu, ga makani, ga masara, ga ƙwai a cikin safa an ƙulle bakinta, ga kwanoni rufaffu sun fi ashirin. Kowanne an ɗaura masa zare a hannu, kowa da launinsa, don kada a ɗauki na wani. Warin baƙin mai yana gefe guda, amma a bakin duron ba ka jin komai sai ɗumi da ƙamshin abubuwan da ke nuna, kowanne da nasa, ba wanda ya danne wani.

Wani dogon mutum mai sifana a aljihu ya taho yana goge hannu. Abokin Baba ne, mai gyaran inji, Kirista daga Filato.

"Sarkin Tururi, wannan ce mai simintin? Ai da sashen gini ka kai ta, suna neman ma'aikata."

"Kada ki kula shi," in ji Baba. "Mutumin da yake cin gauta yana cewa zaƙi."

"Gauta ce ta sa har yau ban san ƙofar asibiti ba. Sannu 'yata. Yaya jikin Maman?"

Na durƙusa na gaishe shi, na ce da sauƙi, ko da yake babu sauƙin.

Sai ga injiniyan. Gajere ne, kansa ya yi fari, yana sanye da farar riga mai alƙaluma uku a aljihu. Na shirya Turancina na makaranta tun a mota, amma da Hausa ya yi min magana, irin ta masaƙa, gajeriya ba ado.

"Ke mai girki? Wanke hannu."

Ya sa na wanke shinkafa sau uku har ruwan ya fita garau. Ya miƙo min gwangwanin madara ya ce in zuba ruwa ina ƙirgawa da ƙarfi. Da na kai biyar hannuna ya tsaya da kansa. Ya dube ni ta saman tabarau. "Shida," ya ce. Na ci gaba har goma, shinkafar ta ɓace a ƙasan kwano kamar tsakuwa a rijiya. Ya fito da ɗanyar citta ya yanka ta siri-siri kamar zare, da wata 'yar wuƙa da na ga alamar ya daɗe da ita. Gishiri ɗan kaɗan a kan yatsa uku. Ya rufe, ya saka a duro, ya ɗora bulo a kan murfin.

"Ba juyawa. Ba leƙawa. Shinkafa ta san aikinta."

Ya koma bakin aikinsa, ni kuma na zauna a benci na jira awa uku. Ban gaji ba. Ba'indiye ya zo duba kwanonsa, hannuwansa shuɗi har gwiwar hannu, ya haɗa tafukansa ya gaishe ni, ya tambaya ko Mama ta ci nasa. Na ce ta yi cokali uku. Ya yi murna kamar an ce ta cinye tukunya, ban iya faɗa masa sauran ba. Kwara ya leƙo ya ajiye min damin na'ana'a da ya tsinko a bayan sito, inda ya shuka ta a cikin tsohuwar taya. Na zauna ina kallon zarurrukan nan masu launi suna rawa a cikin tururi, ina tunanin kowane zare akwai wani gida a ƙarshensa, wani a bayan teku, wani a kan dutsen Filato, wani a nan Calawa.

Gab da sha biyu injiniya ya dawo da ɗan kifi karfasa da ya turara a wani kwano. Ya buɗe namu. Shinkafar ta buɗe kamar auduga a gona, ta narke cikin ruwanta, fara sol, mai santsi. Ya zare ƙayar kifin ɗaya bayan ɗaya, ya marmasa tsokar a kai, ya yayyafa lawashin albasa. Na tambaye shi sunan abincin. Ya faɗi wata gajeriyar kalma da ta kuɓuce min kafin in kai ƙofa. Sai ya ƙara da cewa, "Yaro ba haƙori, yana ci. Tsoho ba haƙori, yana ci. Na tsakiya, in ba lafiya, yana ci."

Na naɗe kwanon da guntun yadi na rungume shi har gida. Inna ta shinshina, na jira ta kau da kai. Ba ta kau ba.

"Kunun shinkafa da kifi? Lallai duniya ta zo ƙarshe. Miƙo."

Ta yi cokali ɗaya ta tsaya tana sauraren cikinta. Ta yi na biyu. Ban yi motsi ba, kamar mai tsoron korar tsuntsu. Ta ci kusan rabi, ta sha ruwa, ta kwanta, abincin kuma ya zauna. Na fita bayan ɗaki na yi kukana a hankali don kada ta ji ta ce na cika sanyin zuciya.

Washegari na yi shi a gida, yadda aka koya min ba ragi. Ruwa goma, citta kamar zare, awa uku ina tsugune ina rage itace don kada ya kama, idanuna sun yi jajir. Ya fito fari, mai santsi, ni kaina na yaba. Amma tun ina bakin ƙofa Inna ta toshe hanci ta juya.

"Inna, wallahi goma na sa. Na ƙirga."

"Ba ruwan ba ne."

"To mene ne? Hannuna ne?"

Muryarta ta sauka, irin saukar da ba ta saba yi min ba. "Hayaƙi ne. Da tsohon mai. Tukwanen nan shekara ashirin suna shan mai, ko da toka kika wanke ina jin sa. Na jiya ba ya warin komai sai kansa."

Ashe ba dankalin Kwara ne ya yi laifi ba, ba kuma waken Ba'indiye ba. Na sayo sabuwar tukunya na ɗora a rishon maƙwabta, ta ce kananzir. Na gwada gawayi, ta ce ƙauri. Hancin da ya yi shekaru yana gane zafin mai daga bayan katanga, ciwo ya ƙara wasa shi ya juyo da shi kanta.

Baba ya saurari duk wannan yana cire takalmi. Ya ce, "To, tukunyar da take so tana Sharaɗa."

Daga ranar muka raba aiki. Bayan sallar asuba ni zan wanke, in yanka, in auna, in jera a sabon kwano mai hawa uku da Baba ya sayo. Ya ɗaura masa koren zare. Zai ɗaure shi a bayan keke ya tafi, ya saka a duro, da hutun rana ya yi sai ya taho da shi Ɗorayi. Ba ya zama. Zai miƙo min kwanon, ya tsaya a bakin ƙofar ɗaki har ya ga cokalin farko ya shiga, ya juya ya hau keke. Damina ce, hanyar kuwa taɓo. Akwai ranar da ya shigo jiƙe sharkaf, laka har gwiwa, ya zaro kwanon daga cikin rigarsa, ko ɗigo bai taɓa shi ba.

"Malam, za ka kashe kanka a kan kunu."

"Ci ki ba ni kwanona."

Muka sake komawa kan na baya. Dankalin Kwara da aka dafa a tururi ya shiga lafiya, har ta ce a ƙara lemon tsami. Mai rawaya ma ya shiga, ko da yake ba ta fasa yi masa tsiya ba. Injiniya ya aiko da wani: a kaɗa ƙwai da ruwan ɗumi da gishiri, a tace, a turara, ya fito yana rawa kamar kindirmo. Kwara ya aiko da ɓarzajjiyar alkama da ake dafawa da tumatir da albasa. Matar mutumin Filato, wadda ban taɓa gani ba, ta aiko da acca da ta rege da hannunta har ba ƙwayar yashi ko ɗaya, da yakuwa da gauta, aka yi gwate. Inna ta ci shiru har ƙasan kwano, sannan ta ce, "Wannan matar ta san hannunta." A bakin Inna babu yabon da ya wuce wannan.

Ni kuwa na ɗauko littafin taswirata na makaranta. Duk abin da za a ci gobe, sai in buɗe in nemo ƙasarsa, in nuna mata. Da farko ta ce in raba ta da zane-zane. Daga baya ita take tambaya, "Yau kuma ina za mu?" Na nuna mata ƙasar Sin, ta auna da yatsa daga nan zuwa can. "Duk wannan nisa, ya zo yana cin abinci a duro. Allah sarki. Uwarsa tana da rai?" Ban sani ba. Baba ma bai sani ba.

Abin da ya ba ni mamaki a girke-girken nan shi ne ƙarancinsu. Abu uku, abu huɗu, ruwa da gishiri da haƙuri. Babu inda mai girki zai ɓuya. A miyarmu in hannu ya kuskure, mai da yaji da daddawa za su rufa maka asiri. A nan kuwa dankali dankali ne, in ka cuce shi zai faɗa. Sai na fara jin ɗanɗanon abubuwan da na yi shekaru ina ci ban taɓa ji ba: ashe shinkafa tana da zaƙi nata na kanta, ashe kabewa ba ta buƙatar kowa.

A mako na huɗu Inna ta tashi zaune ta ce abin kunya ya ishe ta. "Mutane suna ta aiko mana, mu kwanonmu yana komawa wayam. Ba a haka. Ɗauko garin wake."

Ta jingina da bango a bakin ƙofa, karo na farko da ta ga tsakar gida tun kwanciyarta, ta sa ni haɗa ɗan wake. Garin wake, garin rogo, kuka, ruwan kanwa. "Kanwar ta yi yawa, so kike ki kashe baƙi? Ƙara gari. Ba haka ake kwaɓi ba, 'yar boko, da tafin hannu." Mai da yaji maƙwabciya ce ta zuba a kwalba ta ba Baba a waje, don kada warin ya shigo gida. Saura sakawa a ruwa, wanda dole sai a bakin duro. Inna ta sa Baba ya durƙusa a gabanta ta nuna masa yadda ake gutsura da yatsu a jefa, da yadda ake gane ya nuna in ya taso sama.

Da rana ya dawo da labari. Ya ce rabin masaƙa sun taru suna kallon Sarkin Tururi yana saka ɗan wake. Na farkon sun fito manya kamar ƙwan agwagwa. Mutumin Filato ya ce a kai su ɗakin inji a yi amfani da su a madadin noti, amma shi ya fi kowa ci. Injiniya ya tsince nasa da 'yan sandunansa biyu, ya tauna a hankali, ya ce su ma suna da irinsa, amma nasu yana da ciki. Ba'indiye ya nemi ƙarin yaji. Inna ta yi dariya har ta riƙe haƙarƙari, ta ce gobe a rage musu girma.

Mako bakwai aka yi ana wannan zirga-zirga. Rawayar ta janye a hankali, daga hannu, sannan daga ido. Ranar da likita ya ja fatar idonta ya duba ya ce an tsallake, Inna ba ta tambaye shi komai ba sai yaushe za ta ci mai. Ya ce cokali ɗaya, bayan wata guda. Ta ce wa Baba a hanya likitan nan yaro ne, bai san rayuwa ba, amma ta bi maganarsa. Kafin in koma makaranta ta fara shiga madafa, hayaƙi ya daina damunta. Da kaka ta ɗora kaskonta, masu sayen ƙosai suka dawo. Ta rayu ta ga aurena, ta goyi 'ya'yana uku.

Injiniyan ban sake ganinsa ba. Kafin in gama kwaleji ya koma ƙasarsu, Baba ya faɗa min a cikin hira kamar yadda ake faɗin an canza maigadi. Na riƙe shi a raina a matsayin mutumin da ya koya min ƙirga ruwa goma, kuma duk lokacin da wani ya kwanta a gidana, abin da nake fara dafawa ke nan.

Bayan shekaru masu yawa, masaƙar ta daɗe da rufewa, Allah ya yi wa Baba rasuwa. A kwana na uku mutumin Filato ya zo gaisuwa, takanas daga ƙauyensu, ya tsufa yana dogara sanda. Na fita zaure na durƙusa na gaishe shi. Muka yi ta hirar da, har na ce masa abin da ba na mantawa da Baba shi ne yadda ya ba da hutun ranarsa na mako bakwai yana taka keke a cikin taɓo.

Ya dube ni. "Wane hutu, 'yata? Mai boila ba shi da hutun rana."

Na ce ban gane ba.

Ya ce boila ba a barin ta ita kaɗai ko na minti ɗaya muddin wuta tana ciki, don in ruwa ya yi ƙasa ba a lura ba, ba ɗakin kaɗai za ta tashi da shi ba. Mai kula da ita a gabanta yake cin abinci, a gefenta yake salla, kuma wanda aka samu ya bar ta, a ranar zai ajiye aiki. A duk masaƙar, ban da mai aikin dare, mutum ɗaya ne kawai ya iya riƙe ta in Baba ba ya nan. Kullum da sha biyu injiniyan yake cire farar rigarsa ya rataye a ƙusa, ya zauna a bencin Baba cikin zafin nan yana kallon allura, ko abincinsa ba ya ɗaukowa sai ya ji ƙarar keke a bakin ƙofa. Bai faɗa wa manaja ba, ya kuma hana kowa faɗa. Haka ya yi har mako bakwai, bai tsallake rana ɗaya ba.